Madagaskar: Namun Dawa da Hanin Kakanni

Tsibirin Madagaskar yana cikin Tekun Indiya, daura da gaɓar Mozambik, kuma ruwan da ya raba shi da Afirka kimanin kilomita 400 ne kacal a inda ya fi matsewa. Shi ne na huɗu a girma cikin tsibiran duniya, da faɗin murabba'in kilomita 587,000, wato kusan kashi biyu cikin uku na Nijeriya, kuma mutanensa sun kai miliyan 30. Duk da wannan maƙwabtaka, dajinsa ba irin na Afirka ba ne, domin babu zaki, babu giwa, babu raƙumin dawa ko barewa, babu ma birin da aka sani, sannan babu macijin da dafinsa ke kashe mutum. Harshen mutanensa, wato Malagasi, danginsa na kusa suna can tsibirin Borneo na kudu maso gabashin Asiya, nisan dubban kilomita. Halittun tsibirin tsofaffi ne ƙwarai, mutanensa kuwa baƙin jiya ne idan aka gwada da su, kuma abin da ya saura na dajin a yau yana rataye ne tsakanin dokokin da manomi ya gada daga kakanninsa da yunwar da ke gidansa da kuɗin da fataken waje ke miƙo masa.

Masana ilimin ƙasa sun nuna cewa Madagaskar ta ɓalle daga Afirka kimanin shekaru miliyan 160 da suka wuce, sannan ta rabu da Indiya kimanin shekaru miliyan 88 baya, kuma tun daga nan take ita kaɗai a tsakiyar ruwa. Kakannin yawancin dabbobinta masu shayarwa sun iso ne bayan wannan rabuwa, kuma ra'ayin da ya fi rinjaye shi ne cewa ambaliya ce ta riƙa kwaso su daga bakin kogunan Afirka a kan kututture da tarkacen itatuwa, igiyar teku ta tsallakar da 'yan ƙalilan da suka jure tafiyar. Waɗanda suka tsira sun tarar da ƙasa mai faɗi ba abokin gasa, suka yaɗu, suka rarrabu zuwa nau'o'i masu yawa gwargwadon wurin da kowanne ya zauna. Wuraren kuwa sun sha bamban: gabas kurmi ne mai ruwan sama kusan duk shekara, tsakiya tudu ne mai sanyi da ciyayi, yamma daji ne da ke kaɗe ganye da rani, kudu kuma busasshiyar ƙasa ce ta itatuwa masu ƙaya. Wannan ne ya sa fiye da kashi 80 cikin 100 na tsirran tsibirin ba a samun su a daji a ko'ina sai can, haka kuma mafi yawan dabbobinsa.

Dabbar da ta fi ɗaukaka sunan tsibirin ita ce lemur, wadda dangin biri ce ta nesa, mai dogon baki da manyan idanu, kuma reshenta ya rabu da na birai tun kafin birai su ɗauki kamannin da suke da shi yanzu. Nau'o'inta sun haura 100. Mafi ƙanƙanta, wanda ke zaune a dajin Menabe na yamma, nauyinsa kimanin giram 30 ne, kuma babu wanda ya kai shi ƙanƙanta a duk dangin birai na duniya. Mafi girma shi ne indri, baƙi da fari, mai guntuwar wutsiya, wanda kan kusa kai kilo 9, kuma da safe iyalinsa kan haɗa murya su yi wani dogon kuka mai hawa da sauka da ake ji daga nisan kilomita biyu ko fiye a kurmin Andasibe. A kudu akwai maki, mai wutsiya zobe-zobe baƙi da fari, wanda a garkensa mata ne ke da iko, su ke fara cin abinci su kuma zaɓi wurin kwana. Akwai kuma wani mai launin zinariya da masaniya Patricia Wright da abokan aikinta suka gano a 1986, wanda ke cin tohon gora mai ɗauke da gubar da yawanta zai kashe wata dabba mai girmansa, kuma saboda shi aka kafa gandun Ranomafana a 1991. Babban abokin gabar dukkansu shi ne fosa, mai siffar doguwar kyanwa amma asalinsa dangin tunku, wanda ke bin lemur har ƙololuwar itace.

Kusan rabin nau'o'in hawainiya na duniya a Madagaskar suke, tun daga wadda ta haura rabin mita zuwa wata da aka bayyana wa duniya a 2021 wadda namijinta ke zama daram a kan ɗan yatsa. Kuka ma nan ne gidan danginta. Nau'o'in kuka takwas ne a duniya, shida daga ciki a wannan tsibiri kaɗai suke, ɗaya a Ostireliya, ɗaya kuma ita ce kukar da Bahaushe ke miya da ganyenta, wadda ita ma tana fitowa a can. Mafi shahara cikin shidan ita ce renala, wato uwar daji, mai santsin jiki miƙaƙƙe da kan kai mita 30 ba reshe sai a can sama, kuma jerin da ke bakin hanya kusa da garin Morondava, wanda masu yawon buɗe ido ke tururuwar ɗaukar hotonsa, ragowar daji ne da aka sassabe domin noma aka bar manyan a tsaye. Wani fure fari na kurmin gabas yana ajiye zumarsa a ƙasan wani siririn bututu mai tsawon kusan santimita 30, kuma da Charles Darwin ya gan shi a 1862 sai ya ce dole akwai ƙwaron da harshensa ya kai wannan tsawo. An samu ƙwaron a 1903, shekaru 21 bayan rasuwarsa. Daga wani ɗan fure mai ruwan hoda na tsibirin kuma aka fitar da magunguna biyu, vinkristin da vinblastin, waɗanda suka sauya makomar yara masu sankarar jini, ko da yake ribar ta tafi ga kamfanonin waje, ba ga ƙasar da furen ya fito ba.

Mutane sun zauna a tsibirin zama na dindindin ne wajen tsakiyar dubun shekaru na farko na miladiyya, lokacin da matuƙa jiragen ruwa daga tsibiran Indunusiya suka iso da shinkafa da kwalekwale mai sandar daidaito a gefe da harshensu. Wani masani ɗan Norwe, Otto Dahl, ya nuna a 1951 cewa Malagasi ya fi kusa da harshen Maanyan na kudancin Borneo. Daga gaɓar gabashin Afirka kuma mutane suka zo da shanu da kaji, suka gauraya da na farko har aka zama al'umma guda mai harshe guda, ko da yake akan ƙirga ta ƙabilu 18. Bayan yaɗuwar mutane da garkunansu, kimanin shekaru 1,000 da suka wuce, manyan dabbobin tsibirin suka ƙare: lemur mai girman goggon biri, da ƙananan dorinai, da wani tsuntsu mara tashi wanda ya fi jimina nesa ba kusa ba, wanda ƙwansa guda ke ɗaukar abin da ya kai ƙwan kaza 150. Masana suna raba laifin tsakanin farauta da gobarar makiyaya da fari. Har yau ana tsintar ɓawon ƙwan tsuntsun a rairayin gaɓar kudu.

Fataken Musulmi na Tekun Indiya su ma sun bar sawunsu, kuma a nan ne mai karatu Bahaushe zai ji abin da ya saba da shi, domin ranakun mako a Malagasi su ne Alahady, Alatsinainy, Talata, Alarobia, Alakamisy, Zoma da Sabotsy, daga tushen Larabci guda da nasa. Ƙabilar Antemoro ta kudu maso gabas ta riƙa rubuta harshenta da haruffan Larabci, ajamin da ake kira sorabe, a kan takardar da ake yi da ɓawon wani itace mai suna avoha, kuma malamanta sun yi wa sarakunan tsibirin aikin duba da lissafin taurari. Duban da ake kira sikidy, wanda ake yi da jera ƙwayoyin itace, tsatsonsa ɗaya da bugun ƙasa. Rubutun boko ya zo ne a zamanin Sarki Radama na Ɗaya, wanda ya karɓi 'yan mishan na Ingila ya kuma amince da haruffan Latin a 1823. Mahaifinsa, Andrianampoinimerina, shi ya haɗe masarautar Merina ta kan tudu daga tsaunin Ambohimanga, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren tarihi na duniya a 2001. Faransa ta mamaye ƙasar a 1896, ta kori Sarauniya Ranavalona ta Uku a 1897, ta murƙushe boren 1947 da kisa mai yawa, sannan aka samu 'yancin kai ranar 26 ga Yuni, 1960.

Abin da ya ɗaure duk waɗannan ƙabilu wuri guda, Kiristansu da Musulminsu da masu addinin gargajiya, shi ne matsayin razana, wato kakannin da suka rasu, waɗanda ake ɗauka cewa suna nan suna lura da zuriyarsu, suna sa albarka ko su yi fushi. Muryarsu ita ce fady, wato hanin da aka gada: abincin da wata zuriya ba ta ci, ranar da ba a shiga gona, tafkin da ba a wanka a ciki, dabbar da ba a taɓawa. Fady ba doka ce ta ƙasa baki ɗaya ba, domin kowane yanki, kowane gari, wani lokaci ma kowane gida, yana da nasa, kuma yawanci akwai labarin da ke bayansa. Betsimisaraka na gabas suna kiran indri da suna babakoto, suna kuma ba da labarin yaron da ya hau itace ɗiban zuma ya rasa hanyar sauka har indri ya goyo shi ya sauko da shi, saboda haka kashe shi tamkar kashe ɗan'uwa ne. A tafkin Anivorano na arewa ana ɗaukar kadojin ciki a matsayin mutanen wani ƙauye da ruwa ya haɗiye bayan sun hana baƙo ruwan sha, kuma ana yanka musu sa idan ana neman biyan buƙata. Tandroy da Mahafaly na kudu ba sa cin kunkurun da suke kira sokake, mai ƙoƙon baya da zanen taurari, kuma dazuzzukan da ke kewaye da kaburburansu ba a sare su, wanda ya karya kuwa sai ya yanka sa domin wanke laifinsa. A wasu sassan Androy, ƙasar Tandroy, waɗannan dazuzzukan kabari su ne kusan kaɗai abin da ya rage na asalin dajin ƙaya a tsakiyar gonaki.

Marubutan waje kan so su mai da fady wata dokar kare muhalli ta gargajiya, kuma wannan kuskure ne, domin fady ba don dabba aka yi shi ba, don zaman lafiya da matattu aka yi shi. Inda ya kare wata dabba, ya halaka wata. Ai-ai misali ne bayyananne: lemur ne na dare, baƙi, mai manyan kunnuwa da haƙoran gaba masu ci gaba da tsiro kamar na ɓera, wanda ke ƙwanƙwasa itace da siririn yatsansa na tsakiya yana sauraron ramin tsutsa, ya fasa ɓawon da haƙori, ya zaƙulo ta da yatsan. A wurare da dama ana ɗaukar ganinsa a gari alamar mutuwa, sai a kashe shi a rataye gawar a bakin hanya domin matafiya su tafi da masifar, har ta kai a shekarun 1960 aka kwashe wasu zuwa ɗan tsibirin Nosy Mangabe don gudun kada su ƙare. Hanin bai tsaya kan dabbobi ba ma, domin a yankin Mananjary an daɗe ana ƙin renon tagwaye. Sannan fady yana ɗaure wanda ya gaje shi ne kawai. Baƙon da ya zo haƙar zinariya ko yankan katako ba kakansa ne ya yi alkawari da indri ba, kuma samarin garin da suka ga baƙo ya ci bai mutu ba su ma sukan sassauta.

Inda al'ada da daji suka fi cuɗanya shi ne a bikin famadihana na ƙabilun Merina da Betsileo, wanda ake yi da sanyin hunturun can, tsakanin Yuni da Satumba. Bayan 'yan shekaru, sau da yawa biyar ko bakwai, dangi kan taru daga ko'ina a buɗe kabarin zuriya, wanda ɗaki ne na dutse da sau da yawa ya fi gidan masu rai tsada, a fito da ƙasusuwan magabata a kan sababbin tabarmi, a naɗe su da sabon likkafani, a ɗaga su a kafaɗa ana zagaya kabarin da kiɗa, a ba su labarin haihuwa da aure, sannan a mayar da su kafin faɗuwar rana. Likkafanin, wanda ake kira lambamena, mafi daraja shi ne na silikin daji, ɗan'uwan zaren tsamiya da ake yi wa manyan riguna aiki da shi a ƙasar Hausa. Tsutsar da ke saƙa shi, landibe, tana cin ganyen wani itace ne mai suna tapia, mai kaurin ɓawo da ke jure gobara, wanda ke fitowa a kan tudu kusa da Ambositra da Arivonimamo. Mata kan tsinci ƙwanson, su dafa shi, su kaɗa zaren da hannu. Ana cin tsutsar, ana sayar da 'ya'yan itacen a kasuwa, kuma garuruwa da dama sun hana sare shi ɗanye. Don haka dajin tapia ya rayu a yankin da sauran itatuwa suka daɗe da zama gawayi, kuma a nan amfanin da ake samu ne ya tsare shi tare da girman da ake ba matattu. Tsadar bikin da wa'azin wasu majami'u da samuwar likkafanin yadi mai araha suna rage buƙatar silikin, yayin da zaitin turawa da itacen pine da aka shigo da su ke kutsawa cikin dajin.

Sauran gadon ƙasar ma daga daji ya samo kayan aikinsa. Valiha, kayan kiɗan da aka fi sanin Madagaskar da shi, gora ce da aka ɗaura wa tsirkiya kewaye, kuma asalinta Indunusiya. Zafimaniry na tsaunukan gabas da Ambositra suna gina gidajen katako ba ƙusa, suna sassaƙa zane a kowace ƙofa da taga, sana'ar da UNESCO ta karrama a 2003, daidai lokacin da itacen da ake yin ta da shi yake ƙarewa a kewayensu. Mahafaly kuma suna kafa sassaƙaƙƙun ginshiƙai da ake kira aloalo a kan kabari, su jera ƙahonin shanun da aka yanka a jana'izar, domin yawan ƙaho shi ke faɗin ko wane ne mamacin.

Wani bincike da aka buga a 2018 ya kiyasta cewa ƙasar ta rasa kashi 44 cikin 100 na dajinta tsakanin 1953 da 2014, kuma a 2020 ƙungiyar IUCN, mai tattara jerin halittun da ke cikin haɗari, ta ce nau'o'in lemur 103 cikin 107 da ta auna suna fuskantar ƙarewa. Wanda aka fi ɗora wa laifi shi ne mai tavy, wato manomin da ke sassabe kurmi ya cinna wuta ya shuka shinkafar tudu a cikin toka, bayan shekara ɗaya ko biyu ya matsa gaba. Muddin ana barin saura ta huta shekaru goma ko fiye, noman yana ɗorewa. Yawan jama'a da ƙarancin fili ne suka gajarta hutun har ƙasa ta gaji. An daɗe ana hana shi, tun dokokin masarautar Merina na 1881, kuma Faransawa sun tsananta hanin a daidai lokacin da suke ba kamfanoni izinin yankan katako suna kuma ware ƙasa mai kyau domin kofi, abin da ya sa cinna wuta a daji ya zama wata hanyar nuna ƙin gwamnati. Ɗora komai a kan talakan da ke neman shinkafar shekara rashin adalci ne. Bayan rikicin siyasar 2009, an kwashi jan katako mai tsada daga gandayen Masoala da Marojejy aka yi lodinsa a jiragen ruwa zuwa Sin, kuma ba manomi ne ke da jirgi ba. A Afrilun 2018 jami'ai sun samu kunkurun sokake kusan 10,000 a cushe cikin gida guda a Toliara, an tara su domin kasuwar waje, daga ƙasar mutanen da ko taɓa shi ba sa yi.

A wani taro da aka yi a Durban a 2003, Shugaban ƙasar Marc Ravalomanana ya yi alkawarin ninka wuraren da aka keɓe har sau uku, zuwa hekta miliyan 6, kuma a takarda an cika alkawarin. A ƙasa lamarin ya bambanta. Yankin Menabe Antimena keɓaɓɓe ne bisa doka, amma mutanen da fari ya koro daga kudu suna ƙone shi suna shuka masara da gyaɗa domin 'yan kasuwa masu ba su jari, kuma nan ne kaɗai mazaunin lemur ɗin nan mai giram 30.

Abin da ya fi nuna alamar aiki shi ne dina, wato yarjejeniyar da jama'ar gari ke ƙullawa a bainar taro, da tara ga wanda ya saɓa, wadda ta bambanta da fady domin masu rai ne ke tsara ta kuma suna iya gyara ta. Wata dokar 1996 ta ba gwamnati damar miƙa kula da daji ko tafki ga ƙungiyar ƙauye, da kwangilar shekara uku da ake iya sabuntawa zuwa goma. A Anja, kusa da Ambalavao, mazauna sun tsare wani ɗan daji mai kimanin hekta 30 a gindin duwatsu, inda ɗaruruwan maki ke zaune, kuma kuɗin shiga da ladan jagoranci na baƙi suna komawa ga ƙauyen. A gaɓar kudu maso yamma, masuntan Vezo na Andavadoaka sun rufe wani yankin teku na wasu watanni a 2004 domin horita, wata halittar ruwa mai hannuwa takwas da suke sayarwa, ta samu ta girma; da aka buɗe suka ga kamun ya ƙaru, ƙauyukan maƙwabta suka kwaikwaya, har aka kafa haɗakar Velondriake a 2006. Duka misalan biyu suna da abin da ya sauƙaƙa su, domin Anja tana bakin babbar hanyar da masu yawon buɗe ido ke bi zuwa kudu, horita kuwa tana saurin girma har mai haƙuri ya ga ribarsa cikin watanni. Ƙauyen da ke nisan kwana biyu a ƙafa daga titi, wanda aka ce ya bar tavy domin itacen da sai jikokinsa za su ga girmansa, ba shi da ko ɗaya daga cikin biyun, kuma tarar dina ba ta hawa kan mai lodin katako da ya zo da takardar izini daga birni.